Darasi: Alkama, Kuɗin Fito da Aƙidar Ciniki Marar Shinge a Ingila ta Ƙarni na 19

A watan Maris na 1815 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da wata doka a kan hatsi, sojoji na gadin ƙofarta saboda jama'ar Landan da suka fito kan titi suna bore. Dokar ta ce ba za a sayar da alkamar ƙasashen waje a cikin ƙasar ba sai in farashin ta gida ya kai sule 80 a kan kwata ɗaya, wato awon da ya ɗan haura kilo 200. Shekara 31 aka kwashe ana kai ruwa rana kafin a soke ta a 1846. A cikin wannan jayayya ce ra'ayin nan na cewa a bar kaya su shiga su fita ba tare da shingen haraji ba ya baro littattafan masana ya zama manufar gwamnati, daga baya kuma Ingila ta yi ta tallarsa a duniya, wani wuri da lallashi, wani wuri da igwa. A wannan darasi za mu ga hujjojin masu wannan ra'ayi, da yadda suka yi nasara, da kuma tambayoyin da hujjar tasu ba ta amsa ba.

Abin da ya kawo dokar 1815

Daga 1793 zuwa 1815 Birtaniya na yaƙi da Faransa, in ban da wani ɗan gajeren hutu. Tun daga 1806 Napoliyon ya yi ta ƙoƙarin toshe mata hanyoyin ciniki da Turai. Hatsin waje ya yi wuya, baki kuma na ƙaruwa a gida, sai alkama ta yi tashin gwauron zabi, har kwata ta haura sule 120 a 1812. Manoma suka faɗa wa filayen da a da ba mai waiwayarsu, suka nome, masu filaye kuma suka ƙara kuɗin haya.

A nan sai ku lura da tsarin ƙasar, domin shi ne mabuɗin labarin. Yawancin gonakin Ingila ba na masu nomansu ba ne. Wasu manyan gidaje ne 'yan kaɗan suka mallaki ƙasa, su ba manomi haya, shi kuma manomin ya ɗauki 'yan ƙodago. Mutanen waɗannan gidajen ne kuma suka cika majalisa, ta wakilai da ta iyayen ƙasa. Da yaƙi ya zo ƙarshe, farashi ya faɗo ƙasa da sule 70, suka hango hayar da suka saba karɓa za ta zube. Mai doka a hannu kuwa ba ya rasa mafita.

Amma kada mu ce ba su da hujja ko kaɗan. Masanin nan Thomas Malthus, wanda ya yi suna a kan batun yawan jama'a, ya goyi bayan kariyar. A ganinsa ƙasar da ta dogara ga baƙi wajen abinci ta miƙa wuyanta ga wanda zai iya shaƙe ta ranar yaƙi, kuma mutanen Ingila ba su daɗe da ganin haka da idonsu ba. Masu filaye suka ƙara da cewa su ne ke ɗauke da nauyin harajin ciyar da matalauta a karkara. Waɗannan maganganu ne masu nauyi. Sai dai wanda ya ji dokar a jikinsa shi ne ɗan ƙodagon da ke samun sule goma a mako, ko ma ƙasa da haka, wanda burodi ne abincinsa safe da dare, shi ne kuma ke cinye mafi yawan ladansa. Haka ma ma'aikacin masaƙa a sababbin biranen arewa, wanda ba shi da ko taƙi ɗaya na gona.

Abin da masana suka ce

Tushen hujjar ya girmi dokar. A 1776 Adam Smith, mutumin Sikotilan, ya fitar da littafinsa a kan arzikin ƙasashe. Kafin shi, abin da akasarin masu mulki suka ɗauka shi ne arzikin ƙasa zinariya ce da azurfa, don haka a sayar da yawa a waje, a sayo kaɗan, a tara kuɗi a gida. Smith ya ce a'a, arzikin ƙasa shi ne abin da jama'arta ke samu su ci, su sa, su yi amfani da shi. In baƙo zai kawo maka abu a farashin da ya fi naka sauƙi, ka saya, ka mai da ƙarfinka ga sana'ar da ka fi gwaninta. Ya kuma yi kashedi cewa masu neman a kare su da haraji sukan fake da sunan ƙasa alhali aljihunsu suke karewa. Duk da haka bai ce a buɗe komai ba. Ya amince da dokokin da suka fifita jiragen ruwan Ingila, don yana ganin tsaro ya sha gaban wadata.

Wanda ya gyara hujjar ta zauna da gindinta shi ne David Ricardo, haifaffen Landan a 1772, ɗan kasuwar hannun jari da ya yi kuɗi tun yana matashi, ya kuma shiga majalisa a 1819. Aminin Malthus ne ƙwarai, sun yi shekaru suna musayar wasiƙu suna saɓa wa juna ba tare da zumuncin ya taɓu ba. Abu biyu Ricardo ya kawo.

Na farko a kan hayar gona ne. Ya ce idan aka hana hatsin waje shigowa alhali jama'a na ƙaruwa, dole a koma noman ƙasa marar ƙarfi, wadda ke cin aiki da yawa ta ba da kaɗan. Farashin hatsi sai ya tashi ya kai matsayin da noman wannan ƙasar zai biya. Mai noma ƙasa mai kyau shi ma a wannan farashi zai sayar, sai dai rarar ba za ta zauna a hannunsa ba, domin manoma za su yi ta rige-rigen neman hayar gonar har mai fili ya kwashe rarar. A can birni kuma dole mai masana'anta ya ƙara albashi don ma'aikaci ya iya sayen burodi, ribarsa ta ragu, jarin da zai zuba a sabon aiki ya ragu. Ke nan tsadar hatsi mutum ɗaya take yi wa rana, mai fili, wanda bai yi shuka ba bai yi saƙa ba. Maganar ta yi wa manyan gidaje zafi, musamman da yake shi kansa Ricardo ya sayi filaye masu yawa, ba za a ce hassada ce ta sa shi ba.

Na biyu shi ne ya fi shahara, kuma yana cikin littafinsa na 1817 a kan ƙa'idojin tattalin arziki da haraji. Ku bi shi a hankali da alƙalami a hannu.

Lissafin Ricardo

Hujjar Smith ta bar wata ƙofa a buɗe. To in wata ƙasa ta fi ka iya komai fa? Me za ka sayar mata? Ricardo ya ɗauki misalin Ingila da Fotugal, da kaya iri biyu, yadi da giyar inabi, waɗanda su ne ƙasashen biyu suka saba musaya a lokacin. Ya ƙaddara cewa a Ingila ana bukatar aikin mutum 100 na shekara guda don a saƙa wani adadi na yadi, da aikin mutum 120 don a samar da wani adadi na giya. A Fotugal kuwa yadin nan mutum 90 ne za su saƙa shi, giyar kuma mutum 80 ne za su yi ta. Fotugal ta fi Ingila a duka biyun. Da ganin farko sai mutum ya ce ba abin da zai kai Fotugal kasuwar Ingila.

Yanzu ku lissafa. In kowace ƙasa ta yi wa kanta duka biyun, Ingila za ta sa mutum 220, Fotugal 170. In kuwa Ingila ta bar giya ta saƙa yadi kashi biyu, mutum 200 sun ishe ta. In Fotugal ta bar saƙa ta yi giya kashi biyu, mutum 160 sun ishe ta. Sai su yi musaya, kashi ɗaya na yadi a kan kashi ɗaya na giya. Kowace ta samu abin da take samu a da, ba ragi, amma Ingila ta tsira da hannu 20, Fotugal ta tsira da 10, waɗanda za su iya yin wani aikin. Fotugal ta samu yadi da aikin mutum 80 maimakon 90, Ingila ta samu giya da aikin mutum 100 maimakon 120.

Sirrin shi ne ba a tambayar wa ya fi wani iyawa. Ana tambayar me kake bari idan ka tsaya yin wannan. Babban tela na iya fin yaronsa saurin ɗinki, ya kuma fi shi iya guga, amma duk awar da ya ɓata a kan guga ya yi asarar ɗinkin rigar da ta fi gugar kuɗi nesa ba kusa ba, don haka gara ya bar wa yaron dutsen guga. Wannan lissafi daidai ne, kuma har yau ba wanda ya rushe shi. Shi ya sa ake koyar da shi a duk inda ake karanta tattalin arziki.

Sai dai ku riƙe abin da lissafin ya ɗauka ba tare da ya tabbatar ba. Ya ɗauka masaƙan Fotugal 90 ɗin nan za su wayi gari su zama masu gonar inabi, ba wanda zai zauna hannu rabbana. Ya ɗauka jari ba ya tsallake iyaka cikin sauƙi, wannan kuwa Ricardo da kansa ya faɗa. Ya nuna ƙasa gaba ɗaya ta ƙaru, amma bai ce ga wanda ƙaruwar za ta shiga aljihunsa ba. Bai kuma tambaya ba ko ƙasar da ta tsaya a kan inabi shekara ɗari za ta kasance daidai da wadda ta tsaya a kan injin saƙa. Za mu sake cin karo da waɗannan tambayoyi a gaba.

Daga littafi zuwa dandali

Ricardo ya rasu a 1823, Dokokin Hatsi na nan daram. An dai fara sassautawa. 'Yan kasuwar Landan sun kai wa majalisa koke a 1820, minista William Huskisson ya rage kuɗin fiton kaya da dama a shekarun 1820, a 1828 kuma aka maye gurbin hana shigo da hatsi da haraji mai hawa da sauka gwargwadon farashi. Abin da ya fi canzawa shi ne ƙasar kanta. Manchesta, cibiyar saƙar auduga, ba ta kai mutum 100,000 ba a 1801, amma ta haura 300,000 a 1851, kuma har zuwa gyaran zaɓe na 1832 ba ta da wakili nata a majalisa.

A can ne aka kafa ƙungiyar yaƙi da Dokokin Hatsi a 1838, ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1839. Jagoranta Richard Cobden ɗan manomi ne daga kudu wanda gonarsu ta karye, ya yi yawon tallar yadi, daga baya ya mallaki masana'antar buga atamfa. Abokin tafiyarsa John Bright ɗan mai masaƙa ne daga Rochdale, mai zaƙin baki da zafin magana. Cobden kan kawo lissafi, Bright ya tayar da zukata. Sun tsaya a kan buƙata ɗaya tak, a soke dokar gaba ɗaya nan take, suka ƙi yarda a haɗa ta da wata.

Yadda suka yi aikin ya isa darasi shi kaɗai. A 1840 aka shigo da tsarin aika wasiƙa ko'ina a ƙasar da kwabo ɗaya, sai suka yi ta aika wa masu zaɓe ƙasidu miliyoyi. Layin dogo na yaɗuwa, suka ɗauki masu lacca suna biyansu suna zaga garuruwa. Suka yi asusu na fam 50,000, suka sake na 100,000, a 1845 suka ɗaga zuwa 250,000. Da yake mai filin da ke kawo sule 40 a shekara yana da ƙuri'a a karkara, sai suka riƙa sa magoya bayansu sayen ƙananan filaye don su shiga rajistar zaɓe. Mata, waɗanda ba su da ƙuri'a, su ne suka riƙe kasuwannin baje koli na tara kuɗi. Mujallar The Economist ma a 1843 James Wilson ya kafa ta don wannan gwagwarmaya.

Ga Cobden abin ya wuce maganar burodi. Ya yi imani cewa ƙasashen da ke ciniki da juna ba za su so yaƙi ba, kuma yaƙe-yaƙe da mulkin mallaka sana'ar manyan gidaje ce, talaka ke biya da haraji da jini. Wannan imani na gaskiya ne a wurinsa, za ku ga abin da ya jawo masa.

Ba duk talakawa ne suka yarda da su ba. 'Yan gwagwarmayar neman ƙuri'a ga kowane namiji baligi sun sha tarwatsa tarukan ƙungiyar. Cewa suke masu masaƙu na son burodi ya yi araha ne don su rage albashi, kuma ai su ne dai ke sa yara aiki awa goma sha biyu. Zargin bai rasa tushe ba: a lissafin Ricardo kansa arahar hatsi riba take ƙarawa ta hanyar sauƙaƙa albashi, Bright kuma ya yi adawa da dokar taƙaita aikin masaƙa zuwa awa goma, wadda aka zartar a 1847.

Shekarar 1846

Abin mamaki, wanda ya soke dokar shugaban jam'iyyar masu filaye ne. Robert Peel ya zama firaminista a 1841 da ƙuri'un masu son kariya. A 1842 ya dawo da harajin kuɗin shiga, kwabo bakwai a kowace fam ga mai samun fiye da fam 150 a shekara, da wannan kuɗi kuma ya samu sararin rage kuɗin fiton ɗaruruwan kaya. Ku lura da wannan, domin sau da yawa ana mantawa: gwamnatin da ke rayuwa da kuɗin kwastan ba ta iya buɗe iyaka sai ta fara samo wata hanyar kuɗi. Bayan shekara uku Peel ya duba ya ga ciniki ya bunƙasa, albashi kuma bai faɗi tare da farashin abinci ba. Ra'ayinsa ya juya.

Sai ga annoba ta faɗa wa dankalin Turawa a Ayalan, tsibirin da ke ƙarƙashin Birtaniya a lokacin, a 1845, abincin da miliyoyin talakawan tsibirin suka dogara a kai. Peel ya ce ba zai yiwu a ci gaba da sa wa hatsi haraji ana yunwa ba, kuma in an ɗage ba za a iya mayarwa ba. Jam'iyyarsa ta dare biyu. Benjamin Disraeli da Lord George Bentinck suka tasa shi gaba da zargin cin amana. A ranar 15 ga Mayu 1846 majalisar wakilai ta amince da sokewa da ƙuri'a 327 a kan 229, kusan kashi biyu bisa uku na 'yan jam'iyyarsa suna adawa, 'yan hamayya ne suka cece shi. Majalisar iyayen ƙasa ta amince a ranar 25 ga Yuni, a wannan daren kuma aka kayar da gwamnatinsa a kan wani ƙudiri dabam, ya sauka bayan kwana huɗu. Jam'iyyar ba ta sake samun rinjaye a majalisa ba sai 1874.

Sokewar ba ta ceci Ayalan ba, kuma wajibi ne a faɗi wannan ƙarara. Mai yunwa a can ba shi da kuɗin sayen hatsi ko da ya yi araha. Gwamnatin John Russell da ta gaji Peel, da babban jami'in baitulmali Charles Trevelyan, sun riƙe aƙidar kada a tsoma baki a kasuwa da ƙarfi har suka yi ta ɗari-ɗari da sayo abinci, aka kuma bar hatsi da dabbobi suna fita daga tsibirin. A 1847 an buɗe wuraren dafa abinci da suka ciyar da mutum kusan miliyan uku, sannan aka rufe su bayan 'yan watanni. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi hijira. Ra'ayin da aka ɗauko don a sauƙaƙa wa talakan Manchesta burodi, shi ne aka kafa hujja da shi aka bar talakan Ayalan.

Abin da ya biyo baya

Daga nan sauran shingaye suka yi ta zubewa. An soke dokokin jiragen ruwa a 1849. William Gladstone ya share mafi yawan kuɗin fiton da ya rage a kasafin 1853 da na 1860, a 1860 ɗin kuma Cobden ya ƙulla yarjejeniyar rage haraji da Faransa. Noma bai rushe nan take ba kamar yadda masu filaye suka yi hasashe, manoma sun ma yi shekara kusan ashirin da biyar cikin wadata. Bugun ya zo ne a shekarun 1870, lokacin da layin dogo da jiragen ruwa masu tururi suka fara kwararo alkamar Amurka. A 1894 kwata ta faɗo ƙasa da sule 25. Ƙauyuka suka yi ta zubar da mutane, amma ma'aikacin birni ya samu burodi, da shayi, da sukari, da nama a farashin da kakansa bai taɓa mafarki ba. Shi ya sa da Joseph Chamberlain ya nemi a dawo da kariya a 1903, talakawan ne da kansu suka juya wa jam'iyyarsa baya a zaɓen 1906. Birtaniya ba ta bar wannan manufa gaba ɗaya ba sai 1932.

A ganina soke Dokokin Hatsi daidai ne, domin haraji ne da ake cira daga bakin mai yunwa a zuba a aljihun mai ƙoshi. Matsalar ta taso ne da aka ɗauki maganin da ya dace da Ingila ta 1846 aka ce shi ne na kowa a kowane lokaci.

Waɗanda suka ƙi, da waɗanda ba a tambaye su ba

Bajamushe Friedrich List ya rubuta a 1841 cewa Ingila ta hau sama ne da tsanin kariya, da ta isa kuma take so ta ture tsanin. Tarihi na bayansa a nan. A 1700 da 1721 Ingila ta yi dokokin hana yadin audugar Indiya don ta kare masaƙanta. Ta hana ƙwararrun ma'aikata fita daga ƙasar har 1824, ta kuma taƙaita fitar da injuna har 1843. Ba ta buɗe ƙofa ba sai da ta tabbatar ba mai iya karawa da masaƙunta. Har John Stuart Mill, babban mai kare ciniki marar shinge, ya yarda a littafinsa na 1848 cewa sabuwar ƙasa na iya kare jaririyar masana'anta na ɗan lokaci har ta tsaya da ƙafarta. Amurka ta ɗaga kuɗin fitonta daga 1861, Jamus daga 1879, kuma kafin ƙarnin ya ƙare Amurka ta wuce Birtaniya a ƙera ƙarfe, Jamus na biye. Wannan bai nuna kariya ce kaɗai ta ɗaga su ba, ƙasashe da yawa sun yi kariya ba su tashi ba. Ya dai nuna hanyar ba ɗaya ba ce.

Amurka da Jamus sun zaɓa da kansu. Wasu ba a ba su zaɓi ba. Da Sin ta hana shigo da ƙwayar ofiyom da 'yan kasuwar Birtaniya ke kawowa daga Indiya, sai aka yaƙe ta daga 1839 zuwa 1842, aka karɓe Hong Kong, aka tilasta mata buɗe tashoshi biyar, aka kuma ƙayyade mata kuɗin fito kusan kashi biyar cikin ɗari. Indiya, wadda a da take tufatar da duniya, ta zama babbar kasuwar yadin Lankasha, yankin da Manchesta take. Da gwamnatin mulkin mallaka a can ta sa wa yadin waje ɗan haraji don neman kuɗin shiga, masu masaƙun Ingila suka matsa har a 1896 aka ɗora wa yadin masaƙun Indiya haraji daidai da shi. Audugar da ke ciyar da masaƙun Manchesta kuwa, har zuwa 1861, mafi yawanta bayi ne ke nomanta a kudancin Amurka.

A yi wa Cobden adalci. Ya yi tir da yaƙin Kirimiya, kuma a 1857 ya kawo ƙudirin da ya kayar da gwamnatin Palmerston a majalisa saboda ruwan wutar da aka yi wa birnin Kanton na Sin. A zaɓen da ya biyo baya shi ya rasa kujera, Bright ma mutanen Manchesta suka kayar da shi. Wanda kuma ya ba da umarnin harba igwar, gwamnan Hong Kong John Bowring, tsohon abokin gwagwarmayarsu ne, yana cikin waɗanda suka assasa tafiyar a 1838. Ke nan tun a cikin gida aƙidar ta rabu, akwai masu cewa ciniki sai da yardar juna, akwai masu cewa a buɗe ƙofa ko da ƙarfi. Na biyun ne suka fi samun kunnen gwamnati.

Iskar ta iso ƙasar Hausa. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, gwamnatin Birtaniya ce ta ɗauki nauyin tafiyarsa, kuma neman hanyoyin ciniki na cikin dalilanta. Da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da birnin saƙa da rini wanda tufafinsa ke kaiwa Tambutu da Gat da Tarabulus, ya kuma ga yadin Manchesta a kasuwa, wanda fatake suka ƙetaro Sahara da shi. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 Birtaniya ta yi alkawarin barin kogin Kwara a buɗe ga jiragen kowa. Amma kamfanin George Goldie, da ya samu izinin mulki a 1886, ya yi amfani da lasisi da haraji ya kore masu gasa da shi, har mutanen Brass da aka toshe wa kasuwa suka kai wa sansaninsa na Akasa hari a 1895. Daga baya, a 1902, masu masaƙun Lankasha suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, suna sa ran Arewa za ta zama gonarsu. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, masaƙan gida sun fi ƙungiyar biyan kuɗi mai kyau a kan auduga, manoma kuma suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, suka karkata can. Ba su karanta Ricardo ba, amma lissafin abin da za su bari da abin da za su samu suka yi, kuma sakamakon bai zo yadda Lankasha ta so ba.

Aiki

Ku sake lissafin Ricardo da kanku, amma ku mai da adadin masu saƙa a Ingila 130 maimakon 100, sauran lambobin su zauna yadda suke. Wace ƙasa ce yanzu ya kamata ta saƙa yadi, kuma me ya sa? Ku gwada yawan masaƙa da na masu giya a kowace ƙasa kafin ku amsa.

Bayan haka ku rabu gida biyu, wasu su ɗauki hujjar Malthus, wasu ta Ricardo, kowane gida ya faɗi hujjar abokin hamayyarsa yadda shi mai ita zai yarda an yi masa adalci, kafin ya soke ta.

Na ƙarshe aikin gida ne. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kuma shinkafa na cikin manyan dalilan da aka bayar. Ku tambayi manomin shinkafa ɗaya, da mai sayar da ita a kasuwa, da uwargidan da ke auna ta, abin da kowannensu ya gani a lokacin. Ku rubuta amsarsu da kalmominsu, kada ku gyara, ku kawo aji mako mai zuwa.